Fenti na ɓamɓarewa daga jikin sojojin roba: na ƙarfe zan koma?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni da ƙanena mun fara wasan yaƙi na kan tebur, irin wanda ake jera ƙananan sojoji, a auna tafiyarsu da tef, a jefa ƙwayar lido don sanin wa ya harbi wa. Na sayi kwali biyu na sojojin roba masu araha, sikelin 1/72 (wato an rage tsawon mutum sau 72), na Yaƙin Duniya na Biyu, Jamusawa da 'yan Birtaniya. Dare uku na yi ina yi wa guda ashirin fenti da fentin mai na ƙananan gwangwani. Wasa ɗaya muka yi, fentin bindigogi da na idon sawu duk ya ɓamɓare. Wani ya ce min araha ba ta ado, in tara kuɗi in sayi na ƙarfe kawai. Gaskiyarsa ne? Akwai saura kusan tamanin da ban taɓa ba.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Wanda ya ce maka araha ba ta ado karin magana ya faɗa, amma a nan ba ta hau ba. Tun wajen 1960 da kamfanin Airfix na Ingila ya fara cika kwalaye da irin waɗannan sojoji mutane ke kafa runduna da su, daga baya Esci da Italeri na Italiya, da Revell, da Zvezda na Rasha, da HaT na Amurka suka shigo, kuma da wuya ka sami wanda bai sha irin takaicin da ka sha ba a karon farko. Hannunka ba shi da laifi wajen shafa fentin. Robar ce ke da hali, kai kuma ka yi mata fentin da bai san halinta ba.

Fara da sanin abin da ke hannunka. Yanki ɗan gutsure daga sandar da sojojin ke manne a jikinta, ka jefa cikin kofin ruwa, ka danna shi da yatsa don kumfar iska ta rabu da shi. In ya taso sama, foliyetilin ce, roba mai taushi wadda aka fi yin sojoji masu araha da ita. In ya nutse kuma yana karyewa ƙas idan ka lanƙwasa shi, folistirin ce, roba mai tauri, ita kam ba ta da rigima da fenti. Daga yadda ka ba da labari, na tabbata taka sama za ta taso.

Foliyetilin tana da halaye biyu da suka haɗu suka ɓata maka aiki. Na farko santsi, irin na kyandir. Kusan babu abin da ke kama jikinta, shi ya sa ma ake yin robar zuba gam da ita: gam yana zaune a ciki wata da watanni bai kama ta ba. Na biyu lanƙwasa. Ɗauki soja ɗaya daga cikin ashirin ɗin nan, ka tura bakin bindigarsa da farce a hankali, ka kawo shi kusa da ido. Za ka ga robar ta bi farcenka, fentin kuwa ya tsattsage, ya ɗago, ya zube. Fentin mai idan ya bushe yana yin tauri kamar gilashi, ba ya bin abin da ke ƙarƙashinsa. Shi ya sa a bindiga da idon sawu abin ya fara, domin nan ne siraran wurare masu motsi, ƙirji da baya kuwa na san har yanzu suna nan lafiya.

To tunda fenti ba zai kama robar ba, dabarar ita ce a ɗinka wa sojan riga mai bin jiki, wadda za ta zagaye shi ruf ba tare da tsaga ba, fentin ya zauna a kan rigar. Duk abin da zan faɗa a ƙasa hidimar wannan riga ce.

Wanka tukuna. A masana'anta akan shafa wa mazubi wani maiƙo don roba ta fita ba ta manne ba, kuma ragowarsa na nan a jikin sojojinka, ga maiƙon hannu a kai. Ruwa mai ɗumi, sabulun wanke-wanke na ruwa, tsohon buroshin goge baki. Ka dirje su tun suna manne da sandarsu, ya fi sauƙi, ka ɗauraye sosai, ka bar su su bushe da kansu. Wanda bindigarsa ta karkace, tsoma shi cikin ruwan zafi na 'yan daƙiƙu, ka miƙe ta, ka jefa shi cikin ruwan sanyi nan take, za ta tsaya. Siririn layin nan da mazubi ke bari a tsakiyar fuska da hular kwano, da sabuwar reza ake yanke shi. Kada ka sa masa sanfefa ko zarto, wannan roba ba ta gogewa, gashi-gashi take yi, ka ƙara wa kanka aiki.

Sai rigar kanta. Mafi sauƙi shi ne farin gam na aikin katako, wanda ake ce wa PVA. Ka sirka shi da ruwa har ya yi kamar madara mai ɗan kauri, ka ɗiga masa ɗigon sabulu ɗaya don kada ya dunƙule a jikin robar, ka shafe sojan gaba ɗaya da buroshi: hammata, tsakanin ƙafafu, ƙarƙashin bindiga, har gefen faifan da yake tsaye a kai. Duk inda ka bari, nan rigar za ta fara yagewa. Inda gam ya taru a lungu ka tsotse shi da busasshen buroshi, in ba haka ba zai cike fuska da aljihu su zama ɗaya. Idan ya bushe ba za ka gan shi ba, sai dai ka ji santsin nan ya tafi. Wasu sun fi son geso, farin shimfiɗar da masu zane ke shafa wa ƙyalle, wasu kuma fentin feshi na shimfiɗa wanda aka yi musamman don roba, irin wanda ake fesa wa bambar gaba da bayan mota. Duk suna aiki. Ni dai gam na fi riƙewa ga mai farawa, domin ba shi da wari, kuma in ka yi kuskure ruwa ke wanke shi. Ka ba shi kwana ɗaya cur kafin ka taɓa. Na san hannu zai yi ta ƙaiƙayi.

Fentin mai kuwa ka ajiye shi don jiragen sama da tankoki na roba mai tauri. Akirilik za ka koma, fentin ruwa wanda ke bushewa da ɗan laushi. Vallejo na Sifaniya ya shahara wajen kalolin kayan soja, amma na masu aikin hannu mai araha ma yana yi, sai dai ka shafa sau biyu. Ka riƙa sirka shi. Shafi biyu marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri jure lanƙwasa.

Akwai abin da na lura da shi a wasiƙarka: dare uku a kan soja ashirin. A haka tamanin za su ci maka dare goma sha biyu, kuma yawanci a na biyar ake gajiya a tura kwalin ƙarƙashin gado. Mutum mai tsawon mita 1.8 in aka raba shi gida 72, milimita 25 yake komawa, kuma daga nisan kusan mita ɗaya za ku riƙa kallonsa, kai da ƙanenka, kuna tsaye a bakin tebur. Daga nan ba a ganin ƙwayar ido, ba a ganin maɓallin riga. Abin da ido ke kamawa shi ne kalar kaki, hasken fuska da hannu, duhun bindiga, da siffar hula. Saboda haka ka manna goma ko goma sha biyu a kan siririn katako, ka bi su da kala ɗaya daga farko zuwa ƙarshe, kafin ka kai na ƙarshe na farko ya bushe. Jamusawa toka mai sirkin kore, 'yan Birtaniya kaki mai ruwan ƙasa. Shafe sojan duka da kalar kayansa, sannan fata, sannan ɗamara da jakunkuna, takalmi, bindiga. Ka zaɓi kalar da ta ɗan fi ta ainihi haske, domin ƙaramin abu duhu yake yi wa ido. Daga nan sai ka sirka fenti mai kalar ruwan ƙasa mai duhu da ruwa sosai, ya zama tsararo, ka kwarara masa daga kai zuwa ƙafa. Zai gangara ya zauna a ninkin riga, a tsakanin yatsu, a ƙarƙashin bakin hula, sai ka ga fuskar da ba ka zana ba ta fito da kanta. Wannan mataki na minti ɗaya ya fi awa guda na ƙoƙarin zana gira.

Bayan fenti sai riga ta biyu, banish na akirilik. Mai sheƙi da farko, domin ya fi ƙarfi, sannan marar sheƙi a kai don kada sojojinka su fito suna walƙiya kamar tangaran. A nan ni ma na taɓa ƙonewa. Wata safiya da iska ke cike da laima na fesa wa soja arba'in banish na gwangwani, na juya in wanke hannu, na dawo na tarar da su fari fat kamar an barbaɗa musu toka. Da kyar na ceto su, ta hanyar bin kowane ɗaya da mai sheƙi da buroshi. Tun daga ranar, buroshi nake sawa. A bindiga da wuƙar bakinta nakan ƙara shafin gam ɗaya kafin banish.

Rabin ɓarnar da ka gani kuwa yatsu ne suka yi ta. Sojan roba ba shi da nauyi, yana faɗuwa, a ɗauke shi ta bindiga, a tsayar, ya sake faɗuwa. Ka kafa kowane ɗaya a kan washar ƙarfe, zagayayyen ƙarfen nan mai huji da ake sawa ƙarƙashin noti, mai faɗin milimita 20 ko makamancin haka. Karce ƙasan faifansa da wuƙa don gam ya sami abin riƙewa, kuma kada ka ɓata gam ɗin haɗa jiragen roba, ba ya narkar da foliyetilin. Ka bi da farin gam da yashi har ya hau gefen faifan ya danne shi. Yanzu sojan ya yi nauyi a ƙasa, kuma akwai wurin kamawa. Ka gaya wa ƙanenka doka ce: ta washa ake ɗauka. In ka shimfiɗa takardar maganaɗisu a ƙasan akwati, za su tsaya ƙyam ko an girgiza. Zuba su cikin leda ɗaya suna gogar juna, wannan ko na ƙarfe ba za su jure ba.

Maganar na ƙarfe, ba zan ɓoye maka ba, sun fi karɓar fenti, kuma sassaƙarsu ta fi zurfi. Amma su ma fentinsu na ɓallewa a gefuna, in kuma suka faɗo daga tebur bindiga kan karye, na roba kuwa sai dai su yi tsalle. Kuma duk yadda ka yi, wata rana bakin wata bindiga zai nuna kalar roba. Ɗigon fenti ne, ka wuce.

Ashirin ɗin farko ba su mutu ba. Halin nan da ya ba ka haushi shi zai taimake ka: lanƙwasa su a hankali cikin ruwan ɗumi kana dirza da buroshi, yawancin fentin zai zube. Wanda ya maƙale a lungu, jiƙa su cikin Dettol kwana ɗaya, ka sa safar hannu, ka goge fentin tas kafin ruwa ya taɓa su, domin ruwa na mayar da shi danƙo. Kafin ka shiga tamanin ɗin, ware uku ka bi da su duk matakan nan, ka bar su kwana biyu, sannan ka sake tura bakin bindigar da farce kamar ɗazu. In fentin ya bi ta ya dawo, ka jera sauran. In ya tsage, gam ɗinka ya yi ruwa da yawa, ƙara shafi ɗaya ka sake gwadawa.