Tambaya da Amsa: Uwar garke ta tsaya cak, fitilar faifai na ta ƙiftawa

Tambaya: Malam, uwar garkenmu (kwamfutar da ke yi wa sauran kwamfutoci hidima) mai Linux tana da RAM gigabait 16. Da jama'a sun yi yawa sai ta tsaya cak, fitilar faifai na ta ƙiftawa, alhali furosesa ba ta kai rabin ƙarfinta ba. Ina matsalar take?

Amsa: Ɗan'uwa, RAM ɗinka, wato ƙwaƙwalwar da kwamfuta ke aiki da ita nan take, ita ce ta cika. Linux na yanka ƙwaƙwalwa shafi-shafi, galibi kilobait 4 kowanne. Idan wuri ya ƙare, sai ta kwashe wasu shafukan ta jibge a faifai. Matsalar ita ce shafin da aka fitar yanzu, shi ake nema nan da ɗan lokaci. A dawo da shi, a kori wani, haka dai ake ta jeka-ka-dawo. RAM kan amsa cikin kusan nanosakan 100, faifai mai juyawa kuwa sai ya ci milisakan 10, wato ninki dubu ɗari na lokacin RAM. Furosesa zaman jira kawai take yi. Tun 1968 masanin kwamfuta Peter Denning ya bayyana wannan ciwo.

Lokacin cunkoso, buga `vmstat 1` ka zuba wa `si` (abin da ake dawowa da shi daga faifai) da `so` (abin da ake fitarwa zuwa faifai) ido. In lambobin sun ƙi sauka, ka kama ɓarawon.

Kada ka ce za ka faɗaɗa wurin jibgewar a faifai. Na taɓa yi, wahalar kawai na tsawaita. Rage yawan ayyukan da ke gudana lokaci guda, ka taƙaita abin da rumbun bayanai ke riƙewa a RAM. Sauke `vm.swappiness`, saitin da ke nuna yadda Linux ke son jibge shafuka a faifai, daga 60 na ɗan taimakawa. In abin ya ƙi, ƙaro RAM.