Tambaya da Amsa: Sa kujerun tsere a tsohuwar mota mai buɗaɗɗen rufi

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Injiniya. Ina da Mazda MX-5 ƙirar 1994, mai kujera biyu da rufin tanti da ake naɗewa baya. Soson kujerun ya mutu, fatar ta yayyage, kuma duk sa'ad da na sha kwana sai in ji jikina yana zamewa gefe. Na samu kujeru biyu na hannu irin na motar tsere, masu bayan da ba ya kwantawa, haɗe da bel mai madauri huɗu. Mai waldan da na nuna wa ya ce zai ƙera musu ƙafa, ya huda ƙasan motar ya ɗaure su, ya kafe madaurin kafaɗa a ƙasa bayan kujera, sannan a cire bel ɗin asali gaba ɗaya tunda huɗu sun fi uku. Ƙanena ne ke yawan zama a kujerar gefe, kuma tun da aka yi maganar huda ƙasan mota hankalina bai kwanta ba. In bari a yi aikin?

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam. Kada ka bari a yi aikin yadda aka tsara maka shi, kuma rashin kwanciyar hankalin da kake ji yana kan hanya. Canja kujera a irin wannan mota abu ne mai yiwuwa, ana yin sa lafiya lau, amma a cikin abubuwa uku da mai waldan ya lissafa maka babu ko ɗaya da zan amince a yi wa motar da mutum zai shiga.

Zan fara da ƙafar kujera, domin ita ce mai sauƙin bayani. Ramuka huɗu da kamfani ya bari a ƙasan motarka suna da ƙarin ƙarfe da aka yi wa walda a ƙarƙashinsu tun daga masana'anta, alhali sauran ƙasan falle ɗaya ne siriri, wanda a motar da ta haura shekara talatin da wuya tsatsa ba ta taɓa shi ba. A karo mai tsanani jiki yana iya fuskantar ƙarfin da ya ninka nauyinsa sau 20, wato mutum mai kilo 80 ya zama kamar kilo 1,600, kuma wannan nauyi ta kujera da bel yake bi ya sauka a kan bol. Idan aka huda sabon rami a siririn falle aka sa ƙaramar washa, bol ɗin zai yage ƙarfen ya fice kamar yadda maɓalli ke yage tsohon yadi. Saboda haka nemi ƙafar da aka ƙera musamman domin ƙirar motarka, wadda za ta hau ramukan asali ba tare da huda ko lanƙwasa ba, da reli (ƙarfen da kujera ke tafiya gaba da baya a kansa) mai kullewa ta ɓangarori biyu, da bol masu lambar 8.8 ko 10.9 a kansu, a ɗaure su da sifana mai awo gwargwadon abin da littafin motar ya faɗa. Ko a motocin gasa, inda wani lokaci dole ta sa ake huda ƙasa, ƙa'idar hukumar tseren motoci ta duniya, FIA, ta ce bol kada ya gaza milimita 8 kauri, kuma a sa masa farantin ƙarfe a ƙasa mai faɗin da bai gaza santimita 40 murabba'i ba. Kafin ka sayi komai kuma, ɗauki tef ka auna tsakanin tudun tsakiya da dokin ƙofa, ka auna faɗin kafaɗar kujerar, domin cikin wannan mota matsattse ne, kuma kujeru da yawa suna gogar ƙofa ko su tare ƙarafan rufi lokacin da ake naɗe shi.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, wanda nake cin karo da shi kusan kullum a bakin masu mota da masu gyara: imanin cewa duk abin da aka ɗauko daga motar tsere ya fi na kamfani tsaro, kuma madauri huɗu sun fi uku don kawai sun fi yawa. Wannan lissafi ne mai kashe mutane, kuma a mota mai buɗaɗɗen rufi ya fi muni fiye da ko'ina.

Direban tsere yana zaune ne a cikin tsari guda wanda kowane ɓangarensa ya dogara da ɗan'uwansa: kejin ƙarfe da ya kewaye shi, kujera mai tsayayyen baya, bel mai madauri biyar ko shida, hular kwano, da na'urar riƙe wuya da ake kira HANS, wadda ta zama dole a gasar Formula 1 tun 2003. Bel ɗin yana kafe shi a miƙe domin akwai keji a samansa da zai ɗauki nauyin mota idan ta kife. Motarka ta fito daga masana'anta ba ta da wani bakan ƙarfe a bayan kai, kuma firam ɗin gilashin gaba na yawancin tsofaffin motoci masu buɗaɗɗen rufi ba abin da za a dogara da shi ba ne ya riƙe nauyin mota. To, ka kwatanta a ranka motar ta juya ƙafafu sama. Bel mai madauri uku yana riƙe kafaɗa ɗaya ne, yana barin gangar jiki ta karkata zuwa tsakiyar mota ta yi ƙasa. Wannan ba ya mayar da kifewa abu mai sauƙi, amma yana barin wata 'yar dama. Madauri huɗu da kujerar da ba ta kwantawa suna riƙe kafaɗu biyu cak, mutum ba ya iya sunkuyawa ko karkacewa, sai kansa da wuyansa su zama su ne abin da ya fi komai tsawo a motar. Babu wata dabarar ɗauri da ke gyara wannan.

Ko da motar ba ta kife ba, akwai illa ta biyu a karon gaba. Madaurin ƙugu aikinsa ya zauna a kan ƙashin ƙugu, wanda shi ne ke iya jure irin wannan nauyi. A bel mai madauri huɗu, idan jiki ya yi gaba, madaurin kafaɗa suna jan na ƙugu sama, sai ya bar ƙashi ya hau kan ciki, mutum ya zame ta ƙarƙashinsa, nauyin gaba ɗaya ya sauka a kan hanji da hanta da saifa. Dalilin da ya sa na gasa ke da madauri na biyar ko na shida da ke bi ta tsakanin cinyoyi ke nan, domin ya danne na ƙugu a ƙasa. Akwai bel mai madauri huɗu da aka yi wa dabarar hana wannan zamewa, kamar na kamfanin Schroth, amma shi ma bai warware matsalar kifewa ba, kuma ba shi ne ake yawan haɗa wa mutane da kujerun hannu ba.

Illa ta uku ita ce wadda mai waldan ya faɗa maka da bakinsa, wato kafe madaurin kafaɗa a ƙasa bayan kujera. Madaurin kafaɗa ya kamata ya tafi baya a miƙe daga kafaɗa, ko ya ɗan yi ƙasa da bai wuce digiri 20 ba. Idan ya haye kafaɗa ya gangara tsaye zuwa ƙasan mota, to a lokacin karo zai danna mutum ƙasa ne maimakon ya riƙe shi baya, kuma ƙashin baya ne zai matse. Mutum yana iya fita daga motar da ba ta wani lotse ba, amma ƙafafunsa sun daina motsi.

Akwai kuma abin da nake gani da idona a duk motar da aka kawo mini da irin wannan bel: madaurin a sake suke, har hannu yana shiga tsakaninsu da ƙirji ya juya. Ba na ma ganin laifin direban sosai, domin wanda aka ɗaure yadda ya kamata ba zai iya leƙawa a mahaɗar hanya ba, ba zai iya kai hannu ya jawo ƙofa ba. Sai ya sassauta don ya samu sukuni, kuma tunda irin wannan bel ba shi da na'urar da ke naɗe shi ta kulle da kanta, a sake zai zauna har ranar da ake bukatarsa. Garin neman gira an rasa ido.

Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda wasu masu gyara ke yanke hukunci a kan rayuwar mutum da ido kawai. Iya walda sana'a ce mai daraja, amma iya haɗa ƙarfe biyu daban yake da sanin inda nauyi zai bi a cikin ƙiftawar ido. Ƙa'idar Majalisar Ɗinkin Duniya mai lamba 14 ta tanadi cewa a gwada maɗaurar bel da jan da ya haura kilo 1,300 a madaurin ƙugu, da wani kamarsa a na kafaɗa, lokaci guda. Ka tambayi wanda zai huda maka mota da me ya gwada nasa aikin, za ka ji ya ce ya yi wa mutane da yawa babu wanda ya dawo da ƙorafi. Wannan ba hujja ba ce ko kaɗan, domin aikin kujera ba ya nuna aibinsa sai rana ɗaya tak. Masu duba lafiyar mota ma sau da yawa fitila da takardu suke dubawa, ba sa sunkuyawa su ga abin da ke riƙe da kujera, don haka kada wucewar mota a wurinsu ta ruɗe ka. Wanda ya ɗaure kujerar da wani zai zauna ya ɗauki amana, kuma kai da ka sa aka yi aikin ka ɗauki alhakin ƙanenka, wanda zai shiga ne bisa yarda da kai ba tare da ya taɓa leƙa ƙasan kujerar ba.

Haka nan ka kiyayi bakan ƙarfe mai ƙyalli da ake ɗaurawa a bayan kujeru don ado. Yawancinsu siririn bututu ne da aka maƙala da ƙananan bol, idan mota ta kife yana iya lanƙwashewa ya rufto kan wuya. Na gaskiya yana da ƙafafu da ke komawa baya da kuma na gicciye, an kafe shi a jikin shasi da faranti. Ana gwada tsawonsa da sanda miƙaƙƙiya, a ɗora ta daga saman bakan zuwa saman firam ɗin gilashin gaba, kuma kan direba, da hularsa idan zai sa, ya kasance ƙasa da sandar da aƙalla santimita 5. Dole kuma a naɗe shi da soso mai tauri na musamman, domin a karon baya ƙeyar da ba ta da hula tana iya bugun wannan ƙarfe.

Game da kujerun da ka samu, juya su ka duba takardar da ke manne a gefe. Kujerar da FIA ta amince da ita a ƙarƙashin ƙa'idar 8855-1999 tana ɗauke da ranar ƙera ta ko shekarar ƙarewar wa'adinta, wanda shekara biyar ne a gasa, kuma hukumar tana wallafa jerin kujerun da ta amince da su, sai ka nemi lambar a ciki. Jabun kujerun kamfanonin Recaro da Bride da Sparco sun cika kasuwa. Ɗaga mayafin kujerar ka duba faibar da aka yi jikinta da ita da fitila, musamman kewayen ramukan bol na gefe: farin layi kamar gashi ko wurin da ya yi laushi alama ce ta tsagewa, kuma kujerar da ba ka san tarihinta ba wataƙila ta riga ta sha karo.

Idan motar ta hawa titi ce, shawarata ita ce ka bar bel ɗin kamfani a inda yake. Mafi sauƙi kuma mafi aminci shi ne a sabunta soson kujerun asali, a ɗan ƙara taurin gefensu, a sake musu fata, domin mutuwar soso ce ke sa ka zamewa a kwana. Idan kuwa sabuwar kujera kake so, zaɓi mai kwantawa wadda gefenta bai yi tudu sosai ba kuma tana da shaidar gwaji ta titi. Bayan an ɗaura ta, zauna ka sa bel ka duba: madaurin ƙugu ya kwanta a kan ƙashi, kada tudun gefen kujera ya ɗage shi sama ya bar rata, na kafaɗa ya bi tsakiyar ƙashin wuya ba tare da fiffiken kujera ya tare shi ba, majinginar kai ta kai saman kunne, kuma kujerar kada ta fi ta asali tsawo. Makullin bel ya koma maɗaurarsa ta asali da bol ɗinsa na asali.

Ga masu wasu motocin: Mercedes-Benz SL da ta fito a 1989 bel ɗinta a jikin kujera yake, kuma tana da bakan ƙarfe da ke tashi da kansa cikin kashi uku bisa goma na daƙiƙa, saboda haka kujerarta ba ta canjawa ba ce. Motocin da ke da jakar iska a gefen kujera ko na'urar tsuke bel a jikin makulli kuma, ana gane su da soket mai ruwan ɗorawa a ƙarƙashin kujera. A cire kan batir a jira 'yan mintuna kafin a taɓa shi, kuma 'yar resisto da ake cusawa don fitilar dashbod ta mutu ba ta dawo da kariyar da aka cire. Duk canjin da ka yi kuma ka sanar da kamfanin inshorarka a rubuce. Idan wata rana ka yanke shawarar kai motar filin tsere, to bakan ƙarfe na gaskiya shi ne farko, sannan kujera, sannan bel mai madauri biyar ko shida da aka kafe a jikin bakan daidai tsayin kafaɗa.