Amsa ga ɗan'uwan da ya tambaya kan ɗaliban nan uku da aka ce sun ɓace a daji

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Tun jiya na ga tambayarka, wai ƙaninka ya turo maka wani fim na turawa yace ba fim bane, kaset ne aka tsinta a daji na wasu ɗalibai uku da suka ɓace, kana so ka san ko da gaske ne. Daga yadda ka kwatanta shi, musamman yarinyar nan da ta kafa kyamara a fuskarta tana kuka shaɓe-shaɓe tana neman gafarar iyayensu, The Blair Witch Project ne na 1999. Ka kwantar da hankalinka shiri ne, su ukun duk sun fito daga dajin nan lafiya ƙalau.

Amma fa bazan maka dariya ba don nima ramin da na faɗa kenan. Muna makaranta muka kalle shi a faifan CD a kwamfutar wani abokinmu, wajen ƙarfe ɗayan dare ga shi an ɗauke wuta, wanda ya kawo faifan kuma ya rantse mana cewa ƴan sandan Amurka ne suka saki kaset ɗin. Wallahi na yi kusan shekara biyu ina ba mutane labarin a matsayin gaskiya, har da ƙarin gishiri na kaina, sai ranar da na ci karo da yarinyar a wani fim daban tana ta fara'arta abinta.

Mutum biyu ne suka haɗa shi, Daniel Myrick da Eduardo Sánchez, kuma gaskiya sun iya tuggu. Ƴan wasan da sunayensu na ainihi suka fito, su suka riƙe kyamarar da kansu kwana 8 a dajin jihar Maryland, ba a basu cikakken rubutun labari ba sai dai su tarar da ƴar takarda an ajiye musu ta abin da za su yi ranar, abinci ma kullum rage musu ake yi don yunwa da ƙosawar su fito a fuska, cikin dare kuma masu shirin su lallaɓo su jijjiga musu tanti. To ka ga wani tsoron ma ba na wasa bane. Sannan aka buɗe shafi a intanet da rahoton ƴan sanda na bogi, aka raba takardun cigiya da hotunansu, lokacin kuwa intanet sabon abu ne duk abin da mutum ya gani a ciki sai ya hau kai ya zauna. Kuɗin ɗaukarsa bai wuce dala 60,000 ba amma ya kawo sama da dala miliyan 240.

Kuma ka lura har fim ɗin ya ƙare ba a nuna mayyar da aka ce tana dajin ba ko sau ɗaya. Mun saba fim yana da kiɗa da haske da jarumin da muka sani, to da ka ga hoto na rawa yana duhu kamar bidiyon biki da aka ɗauka da waya, sai zuciyarka tace ai wannan ba shiri bane.

Ba ma su suka fara ba. A 1980 wani ɗan Italiya Ruggero Deodato ya yi Cannibal Holocaust, shi abin har kotu ya kai shi ana zargin ya kashe ƴan wasansa da gaske, sai da ya nemo su aka gansu da ransu. Wannan kam kar ka neme shi, dabbobin da aka yanka a ciki da gaske aka kashe su, ƙazanta ce kawai.

Wanda ya fi taɓa ni ni dai Dabbe ne na Turkiyya, wanda ya fito 2013, na amaryar da aljanu suka shige ta a daren lalle wata likita na ɗaukar yadda malami ke mata ruƙiyya. Mayyar dajin Maryland ba ruwanmu da ita, amma aljanu mun yi imani da su, kowa a cikinmu ya taɓa jin an ce wance ta faɗi a makaranta, shi yasa da an rubuta wai labarin gaskiya ne sai jiki yayi sanyi. Aljanu gaskiya ne babu musu, amma waɗancan ƴan wasa ne aka biya su, kuma na ga ana yanko guntayensa ana yawo dasu a WhatsApp wai ruƙiyya ce ta ainihi.

Ka ce wa ƙanin naka ya jira rubutun ƙarshe ya ga sunan darakta. Sai dai kar ya kalla shi kaɗai da dare, wurin nan na ƙarshe da yaron ya tsaya ya juya fuska ga bango har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi.