Tambaya da Amsa: Yaushe Sola Za Ta Maido Mini da Kuɗina?

Tambaya: Assalamu alaikum, Injiniya. Ni malamar firamare ce a Ɗorayi, ina kuma ɗan taɓa sana'ar ƙanƙara da zoɓo a gida. Kullum da daddare sai janareta ya sha lita uku, ban da katin wuta da nake saya. Wani mai haɗa sola ya yi mini lissafin naira miliyan biyu da rabi: fanel huɗu, inbata da batir. Ƙanena da ke Amurka ya ce a can gwamnati na rage wa mutum kuɗi in ya saka. Mu ma akwai irin wannan? In kuma na kwashe adashina na zuba, yaushe kuɗin zai dawo?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Bari in fara da zancen ƙanenki, kada ki zauna jiran gawon shanu. Bai yi ƙarya ba. Dokar da Amurka ta yi a 2022 ta ba mai gida damar cire kashi 30 cikin 100 na kuɗin sola daga harajinsa, sai dai wannan rangwamen ya ƙare a ƙarshen 2025; a jihohi da dama kuma kamfanin wuta na lissafa masa rarar da ya tura kan layi. Mitar katin da ke bangon gidanki kuwa sayar miki kawai ta iya, ba ta saye.

Ba wai gwamnatinmu ba ta zuba kuɗi a sola ba. Hukumar REA mai kai wuta karkara ta kai ta shagunan Kasuwar Sabon Gari, ta kafa tashar megawat 7.1 a Jami'ar Bayero a 2019, ga kuma ta megawat 10 da aka buɗe a Challawa a 2023. Shirin DARES na faɗaɗa samun wutar sola, wanda Bankin Duniya ya ba wa kuɗi, shi ma dala miliyan 750 ne. Sai dai irin wannan kuɗi ta hannun kamfanoni yake bi, akasari zuwa garuruwan da layi bai kai ba ko bai wadatar ba. Babu tagar da za ki miƙa rasit a mayar miki da canji. Masu ba da kaya a biya kaɗan-kaɗan suna nan, amma ki tara jimillar abin da za ki biya kafin ki sa hannu. Bashi ne, da ribarsa a ciki.

To, mu dawo lissafi, ɗauko biro. Fanel mai wat 550 a ranar Kano yana ba da yunit biyu da ɗoriya a wuni, bayan an cire abin da zafi da waya suka ci. Huɗu, mu ce yunit tara. Darajar wannan tara ɗin ta danganta da wutar da ta maye gurbinta. Tun watan Afrilun 2024 hukumar NERC mai tsara farashin wuta ta ɗaga kuɗin yunit na rukunin A, masu alkawarin wutar awa 20 a rana, daga wajen naira 68 zuwa 225, daga baya ya sauko 209.50. In layinku A ne, yunit tara kullum, a wata sun kai naira dubu 56, kuɗinki zai dawo cikin shekara huɗu ba kaɗan. In kuwa kina cikin rukunan ƙasa da ba a taɓa farashinsu ba a lokacin, mu ƙaddara naira 65, abin da za ki tsira da shi bai wuce dubu 17 da ɗari biyar ba. Shekara 12 ke nan. Ba zan ba ki shawarar ki fasa adashi don wannan ba.

Amma ke ba katin wuta ne ke cin ki ba, janareta ne. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ya zama kishiyar kowane gida. Mu ɗauka lita naira 900: uku sau talatin, dubu 81 a wata, ba a sa baƙin mai da kuɗin mai gyara ba. A haka miliyan biyu da rabi za ta dawo cikin shekara biyu da rabi, fanel kuma ana ba shi garantin shekara 25. Nan ribarki take. Ki duba rasit ɗin katinki ko ki tambayi ofishin KEDCO rukuninku, sannan ki sa farashin litar da kika saya jiya a madadin nawa.

Abin da bai kwanta mini ba a takardar mai haɗa miki shi ne kalmar "batir" tsurarta. Wane iri? Nan rabin kuɗin yake, nan kuma ake yi wa mutane sakiyar da ba ruwa. Na ruwa, mai bolt 12 da amfiya 200, a rubuce yunit 2.4 yake ɗauka, amma rabi kaɗai ya halatta ki sha, in kin zarce kin rage masa kwana. Na litiyam mai bolt 48 da amfiya 100 yana riƙe wajen yunit biyar, kusan duka kuma naki ne, yana iya kai shekara takwas ko goma in mai kyau ne. Ni kaina na taɓa cin wannan tuwon. Na ga araha na saya wa gidan mahaifiyata na ruwa guda biyu, muka jibge su a ɗakin kwano mara taga. Bazara biyu suka gani. Ta uku, ƙarfe ɗayan dare fanka ta tsaya, Hajiya ta kira ni ta tambaya ko injiniyancin nawa na rana ne kawai. Zafi ne ya dafa su.

Sana'arki ma ta ba ki wata dabara. Ki kunna firiza daga hantsi zuwa la'asar, lokacin da fanel ke ba da wuta kai tsaye, da magariba ki kashe ki daina buɗe ta barkatai. Ƙanƙarar da ta kama da rana ita za ta riƙe sanyin dare, batir kuma ya ji da fanka, ƙwai da cajin waya. Dutsen guga yana jan wat dubu ko fiye, shi ma aikin rana ne. Ki tabbata inbatar za ta iya tayar da firizar, don wajen tashi tana jan ninkin abin da take ci.

Sai ƙura. Masu sayarwa ba sa son ambatonta. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazo na rage hasken, ƙurar kuma ta kwanta a kan gilashin. Duk mako a sa yaro mai hankali ya hau da ruwa da tsumma mai laushi, da sassafe kafin gilashin ya ɗau zafi. A kafa su suna kallon kudu, a ɗan jingine, a kuma ɗaure da kyau saboda iskar farkon damina.

Tambaya: Injiniya, in na saka sola, in sa a yanke mini layi gaba ɗaya? Daga wani tela a Fagge.

Amsa: A'a, Malam, bar layinka. Da mitar kati, abin da ka sha kaɗai za ka biya. A watan Agusta hadari kan rufe rana kwana biyu ko uku a jere, lokacin ne za ka so wutar da za ta cika maka batir. Ka ce a saka maka inbatar da ke karɓar duka biyun, a saita ta ta fara shan rana kafin layi. In har yanzu takardar ƙiyasi ake kawo maka, nemi mita tukuna, in ba haka ba solar na aiki takardar na zuwa yadda ta saba.