Muryar Yaya kan zancen layin Disney da Universal

Assalamu alaikum, 'yan gida barkanmu da yamma. Ƙanwata, na ji muryarki tun safe, aiki ne ya riƙe ni. Kin ce tsakanin Lightning Lane na Disney da Express na Universal, wato tsarinsu na biyan kuɗi a tsallake layi, wanne ya fi, tunda za ku wuraren wasansu a Orlando ta Amurka da yara a hutun Agusta. Ni dai abin da na ji a ƙarƙashin maganar shi ne, Alhaji ya ga kuɗin tikitin shiga ya ce ba zai ƙara ko sisi ba, ke kuma kina neman hujjar da za ki kai masa. To saurara da kyau, ki kunna masa muryar nan ma idan kin ga dama.

Abubuwan nan biyu ba aiki ɗaya suke yi ba. Na Disney alƙawarin lokaci ne. Ki shiga manhajarsu, ki zaɓi lilon da kike so, su ba ki awa ɗaya, misali 2 zuwa 3 na rana, a cikin awar nan za ki zo ki bi gajeren layi. Na Universal babu zancen lokaci ko kaɗan. Kin biya, an ba ki kati, a yawancin lilon da kin je ki nuna ki bi ta ɗayar ƙofar. Shi ya sa ya fi tsada nesa ba kusa ba, sau tari yana wuce dala 100 a kan mutum ɗaya a rana, kuma iri biyu ne, akwai na hawa kowane lilo sau ɗaya, akwai na hawa iya son ranki. Ku kuma ku shida ne. Ki lissafa da kanki.

Amma tsaya, sai kin san yadda abin yake a da, don yaran yanzu gani suke haka duniya ta zo. A 1999 Disney suka fito da FastPass, kuma kyauta ne. Na'ura ce a bakin lilo, ki sa tikitinki, ta turo miki 'yar takarda da lokacin dawowa a rubuce. Kin san yadda ake ajiye jarka a layin famfo a tafi a yi wani aikin, a dawo idan layi ya kawo? To haka yake, takardar nan ita ce jarkarki. Ba ruwanta da ko ke matar gwamna ce, ba ruwanta da otal ɗin da kika sauka. Wanda ya yi sammako shi ya samu, idan takardun ranar suka ƙare sun ƙare wa kowa. Na ga zamanin nan da idona, kuma har gobe ina cewa ba a taɓa yin tsari mai adalci kamarsa ba. Yaro ɗan shekara 12 ma kina iya ba shi tikitocin gida duka ya ruga ya karɓo, ku kuna zaune a inuwa. Babu waya, babu caji, babu katin banki. Tsohuwa da ba ta iya karatu ba ma ta san wannan takardar ta ƙarfe 3 ce.

Daga baya, wajen 2013 zuwa 2014, suka mayar da shi FastPass+, ya koma cikin waya da wani abin hannu kamar agogo da suke kira MagicBand. Nan aka fara bambanta mutane, don wanda ya kama otal ɗinsu yana zaɓar lilo 3 tun saura kwana 60, wanda bai kama ba sai saura kwana 30, kafin nan an kwashe masu kyaun. Duk da haka kyauta ne, a ba su wannan. Sai korona ta zo a 2020 aka rufe wuraren, da aka buɗe babu FastPass, bai sake dawowa ba. A Oktoban 2021 suka kawo Genie+, dala 15 kowane mutum a rana a Florida, na Kalifoniya kuma da ya zo a Disamba dala 20. Abin da aka shekara 20 ana bayarwa kyauta. Kuma ba kuɗin kaɗai ba, sai kin tashi ƙarfe 7 na safe kin riƙe waya kina rige-rige da dubban mutane. Uwa ta zo hutu da 'ya'yanta, ta wuni kanta a sunkuye tana duba ko gurbi ya fito. Wannan shi ne abin da yake ci min rai, wallahi. Yaro yana ja miki hijabi yana nuna miki abu, ke idonki yana kan allo.

Kuma akwai abin da ba a faɗa wa mutane. Lilo yana da iya adadin mutanen da yake ɗauka a awa, ba ya ƙaruwa don an sayar da kati. Duk wanda aka shigar ta gajeren layi, kujerar wani na dogon layi aka ba shi. Don haka yawan masu biya shi ke ƙara wa dogon layi tsawo, tsawon kuma shi ke sa wanda bai yi niyya ba ya ciro kati ya biya. Ki faɗa wa Alhaji wannan, don shi yana ganin idan bai saya ba ya tsira, alhali a layin da aka rage wa gudu zai tsaya da yara a ranar Agusta.

Na tafi da nisa, bari in dawo. Yanzu ba Genie+ ake cewa ba, tun Yulin 2024 suka canza. Lightning Lane ɗin da kika tambaya kashi-kashi ne. Akwai Multi Pass, shi ne na zaɓar lilo 3 tun kafin ranar. Mai otal ɗinsu saura kwana 7, sauran mutane saura kwana 3. Wuraren wasan Disney huɗu ne a can, Magic Kingdom da EPCOT da Hollywood Studios da Animal Kingdom. A ukun farko sun kasa lilon gida biyu, ɗaya kawai za ki ɗauka daga manyan, biyu daga ƙananan. Da kin hau na farko sai ki ƙara kama wani, haka haka har dare, amma kowane lilo sau ɗaya. Shi ya sa nake cewa a sa na farko da sassafe, don ƙofar ƙarin ta buɗe da wuri. Farashi yana hawa yana sauka, a ranakun cunkoso na Magic Kingdom yakan wuce dala 30. Sai Single Pass, wannan kuɗi ne daban na manyan da suka cire daga cikin wancan: TRON da Seven Dwarfs Mine Train, da Guardians of the Galaxy a EPCOT, da Rise of the Resistance, da Flight of Passage a Animal Kingdom. Kowanne da kuɗinsa. Akwai kuma Premier Pass da suka kawo a ƙarshen 2024, wanda ya yi kama da na Universal, babu zaɓar lokaci, amma a Magic Kingdom ya kai har dala 449 kan mutum ɗaya. Wannan ki bar shi kawai, ba zancenmu ba ne.

Wani abu da ya shafe ku kai tsaye. Lokacin da suka fara wannan tsarin sun ce wanda yake wajen Amurka da Kanada sai ya shigo ƙasar kafin manhajar ta bar shi ya saya. Don haka kada ki sa ranar Magic Kingdom washegarin saukarku. Ki bar kwana 3 a tsakani, ku fara da Universal ko ku huta. Idan kuma ta bar ki daga gida, ƙarfe 7 na safensu 12 na rana ne a Kano a watan Agusta. Kuma ki gwada katin dalarku tun kafin ranar, kada gurbi ya fito kati ya ƙi.

Anti ta yi magana a ƙasa, na gani, ta ce ai su da suka je Dubai suka sayi na tsallake layi ba su ga amfaninsa ba. Anti, da girmanki, gaskiyarki ce amma wuri ya bambanta. Ferrari World a Abu Dhabi suna da Quick Pass, Motiongate suna da Q-Fast, duk irin na Universal ne, ka biya ka wuce. Sai dai idan kuka je tsakiyar mako ba lokacin hutu ba, layin ma babu shi, me za a tsallake? Orlando a Agusta wata duniya ce, ga mutane, ga zafi mai ɗanko, ga hadari kusan kullum da yamma, da an ga walƙiya kuma sai a tsayar da lilon da ke waje.

Irin wannan na biya ka wuce ma yana da nasa ciwon. Akwai wani wurin wasa da muka je, ba ɗaya daga cikin biyun nan ba, ba zan kama suna ba. Muka sayi abin hannu na tsallake layi, kuɗi mai yawa, ashe sun sayar wa rabin mutanen wurin. Layin masu biya ya kusa kamo na marasa biya. Na je na yi magana, yarinyar ta ce ai ba su yi alƙawarin minti nawa ba. Ba su yi alƙawari ba! To me kuka sayar min? Na nemi manaja, aka ce ya fita. Na rubuta musu, har yau shiru. Kuma abin da ya fi ɓata min rai, ƙaramar tawa tana tsaye tana kuka don ƙishirwa, ni kuma na riga na ce mata yau babu jira. Tun daga ranar duk inda zan saya sai na tambaya ko suna ƙayyade adadin da suke sayarwa a rana. A nan dole in yaba wa tsarin lokaci, don idan gurbin awa ya cika ya cika. Akwai ma wani tsarin a tsakiya da Six Flags, wasu wuraren wasa na Amurka, suka daɗe suna yi a baya, Flash Pass, na'ura ko waya ta riƙe miki wuri, ƙaramin matakinsa ki jira daidai tsawon layin amma kina zaune a wani wuri, idan kin ƙara kuɗi a rage jiran. Europa-Park a Jamus kuma suna da irinsa a manhajarsu kyauta, wato dai ana iya yi idan an so... bar shi dai, kada in sake komawa can.

Ga abin da zan yi da ni ce ke. Kafin komai ki auna tsawon yaran nan da takalmi a ƙafa, don shi zai yanke hukunci. A Universal, VelociCoaster sai mai inci 51, Hulk sai 54, na Hagrid 48. Autanki da wanda yake bi ba za su hau ko ɗaya ba, to Express ɗin me za ki saya musu da wannan tsadar? A Disney kuma Seven Dwarfs inci 38 ne, Rise of the Resistance 40, Space Mountain da Flight of Passage 44, TRON 48. Kin ga ƙanana sun fi samun abin hawa a can. Kuma duka wuraren biyu suna da tsarin musayar iyaye kyauta, ɗaya ya zauna da ƙarami, ɗaya ya hau, sannan a yi canji ba tare da sake bin layi ba. Manyan yaran biyu kuma akwai layin mai hawa shi kaɗai a wasu lilon, kyauta ne, sai dai ba za a zaunar da su tare ba.

Don haka Multi Pass ki saya a Magic Kingdom, dole, saboda nan ne lilo ya fi yawa. Hollywood Studios ma ki saya. EPCOT da Animal Kingdom ku yi sammako kawai ku tsaya a ƙofa kafin a buɗe, ai kun saba, daga asuba ba komawa barci. Idan kuɗi ya ragu ki ɗauki Single Pass ɗaya na Flight of Passage wa manyan. Kuma da kike zaɓar lokaci ki bar tsakiyar rana fili, ku yi azahar, ku ci abinci, yara su huce, kada ki cusa komai a jere.

Na Universal kuwa ga dabarar da mutane da yawa suke yi, kuma halal ce, tsarinsu ne. Otal uku nasu, Portofino Bay da Hard Rock da Royal Pacific, duk wanda ya kwana ana ba shi Express marar iyaka, ranar shiga da ranar fita. Kwana ɗaya, Express na wuni biyu, ga kowa a ɗakin. Ɗaki mutum 5 yake ɗauka... a'a tsaya, ku shida ne, to ki tambaye su yadda za su lissafa auta, ko kuma Alhaji da manyan su kama ɗakin, tunda su ne masu hawa. Ki kwatanta kuɗin ɗakin da kuɗin katin wuni biyu, sau da yawa ɗakin ya fi sauƙi. Amma ki sani na tsofaffin wuraren biyu ne, Universal Studios da Islands of Adventure. Sabon nan Epic Universe da aka buɗe a Mayun 2025 ba ya ciki, nasa daban ake saya.

Sai ki riƙe abin cajin waya, don manhajar Disney tana shan batir, kuma mutum ɗaya ya haɗa kowa a asusunsa, ke ko babbar 'yarki, kada kowa ya yi nasa. Hijabi kuma ki sa mai ɗaurewa sosai ranar manyan lilo, TRON ma kamar babur ake hawansa, doguwar riga sai da wando a ciki.

Ki turo min tsawon yaran da ranakun da za ku sauka, yau ko gobe, in zauna in tsara miki wace rana za ku ina. Ki gaida Alhaji, ki ce masa ya kira ni idan yana da ja. Sai anjima.