Amsa kan gwamnatin jiha a Indiya

Assalamu alaikum jama'a. Ƙanena, na ji tambayarka, wai yaya za a ce gwamnatin jiha ta faɗi a Indiya, ba a yi zaɓe ba, kuma Gwamna na nan daram a gidansa. To saurara.

Gwamnansu ba irin namu ba ne. Ba a zaɓensa, Shugaban ƙasa ke naɗa shi bisa shawarar gwamnatin Delhi. Mai riƙe da mulki shi ne Babban Minista, wato wanda mafi yawan 'yan majalisar jiha ke bayansa. Iyayenmu da ke cikin wannan zaure ai sun san abin, haka aka yi a Jamhuriya ta Farko: Sir Kashim Ibrahim ne Gwamnan Arewa, amma gwamnati na hannun Sardauna Firimiya. Shi kansa Firaministan Indiya Narendra Modi Babban Ministan jihar Gujarat ne daga 2001 zuwa 2014.

Talaka ɗan majalisar mazaɓarsa kawai yake zaɓa. Ɗauki Uttar Pradesh, kujeru 403 ne, wanda ya tara 202 shi Gwamna zai kira ya rantsar. Kuma dole shi da ministocinsa su kasance 'yan majalisa, in ba ka da kujera wata shida aka ba ka ka nemo. A 2021 jam'iyyar Mamata Banerjee ta lashe Bengal ta Yamma, ita kuwa, Babbar Ministar jihar, ta sha kaye a mazaɓar Nandigram. Sai da wani nata ya sauka ya bar mata Bhabanipur ta ci zaɓen cike gurbi, ka ji.

Yanzu ga amsarka. Ranar da ƙidayar nan ta suɓuce maka, ka tafi, ba sai an yi doguwar tsigewa ba. Dubi Maharashtra a 2022. Eknath Shinde ya kwashi 'yan majalisar Shiv Sena, jam'iyyar Babban Minista Uddhav Thackeray, ya kai su birnin Surat, daga can aka ɗauke su a jirgi zuwa Guwahati, can jihar Assam, aka killace su a otal don kada a lallaso su su koma. Uddhav Thackeray na ganin haka ya ajiye aiki tun kafin a kaɗa ƙuri'ar amincewa, Shinde ya hau. Ni dai a wurina ciniki ne tsagwaronsa, alhali suna da dokar hana sauya sheƙa tun 1985.

Amma kada ka raina Gwamna fa. In ba wanda ya samu rinjaye, shi ke duba wanda zai fara kira. Kuma rahotonsa na iya sa Delhi ta sauke gwamnati a ƙarƙashin sashe na 356 na kundin tsarin mulki, kamar yadda aka yi wa Kerala a 1959. An yi ta wasa da wannan sashe, har Kotun Ƙoli a shari'ar Bommai ta 1994 ta ce a zauren majalisa ake gwada rinjaye.

Rabon aiki kuwa, soja da harkokin waje na Delhi ne, ilimi su biyu suke yi, noma da lafiya da filaye na jiha. 'Yan sanda ma na jiha ne, abin da muke ta jayayya a kansa a nan. Batun rabon kuɗin haraji ka bari sai na dawo daga masallaci.