Digiri na uku a ƙididdiga ba tare da Larabci ba

Malam, ka tambaya ko mai digiri na biyu a lissafi da ke zaune a Jidda zai samu gurbin digiri na uku a ƙididdiga ko ƙirƙirarriyar basira, alhali Larabcinsa na kasuwa ne. Zai samu. Ka nemi KAUST, wato Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Sarki Abdullah, da ke Thuwal, arewa da Jidda. Tun buɗe ta a 2009 da Turanci take koyarwa, kuma wanda ta ɗauka ba ya biyan kuɗin makaranta, ga masauki, ga alawus duk wata.

Sai dai galibi ana neman sakamakon jarrabawar Turanci ta IELTS ko TOEFL. Kuma a ganina, kafin ka cike fom, ka karanta binciken farfesa guda, ka rubuta masa gajeriyar wasiƙa kan aikin. Lissafin yiwuwa kuwa, ka sake bitarsa sosai, don nan ake gane mai tushe.